Rantsuwar Malam Haruna

Har yau ranar da muka mayar da Sanusi gida ba ta fita raina ba. Lokacin ina ƙaramin jami'i a sashen jin daɗin jama'a na ƙaramar hukumar Bukkuyum, a ƙarƙashin Madam Rifkatu, Kirista daga kudancin Kaduna wadda ta daɗe a nan har Hausarta ta koma tamu.

Sanusi saurayi ne ɗan shekara sha shida daga Nasarawa Burkullu. Ya saci ragon maƙwabci, alƙali ya tura shi gidan horon yara. Ƙa'idar aikinmu ita ce, idan yaro ya gama wa'adinsa ba a sauke shi a tasha. Sai jami'i ya danƙa shi hannun mahaifinsa a gaban mai gari.

Damina ce, hanya duk taɓo. Na goya shi a babur, Madam na biye da mu a kan wani. Da muka hango rufin garin, sai na ji ya ƙanƙame rigata.

Mahaifinsa, Malam Haruna, ya shimfiɗa wa baƙi tabarma, amma ko kallon ɗansa bai yi ba. Ya ce ranar da aka kama yaron ya rantse a bainar jama'a cewa ba zai sake taka zaurensa ba. Muna jin kukan Innar Sanusi daga cikin gida. Ni da ƙuruciya, na fara karanto wa Malam Haruna doka. Madam ta yi mini ido, na yi shiru.

Ta gyara zama ta ce, "Baba, ni ba Musulma ba ce. Amma ashe rantsuwa ba ta da kaffara a wurinku?"

Malam Haruna ya ce, "Akwai ta, ɗiyata. Kunyar mutane nika ji."

Sai aka kira liman, ya yi bayani a gaban kowa. Da yake ƙarshen damina bai zo ba kuma rumbu ya yi ƙasa, Malam Haruna ba shi da halin ciyarwa, sai azumi. Nan Sanusi ya buɗe baki karo na farko, ya ce shi ma zai ɗauka tare da shi. Tsohon ya tashi daga bakin ƙofa ya ba shi hanya.

Da na koma duba Sanusi bayan girbi, na same su suna ɗaure damin gero, mai ragon ma yana taya su.

Madam ta yi ritaya ta koma garinsu, hanyar ma yanzu ba a binta yadda muke binta da. Amma ku masu tasowa ku riƙe wannan: sau da yawa uban da ya rufe ƙofa yana tsaye ne a bayanta, yana jiran wanda zai taya shi buɗewa ba tare da ya ji kunya ba.