Ɗorawar da Ban Saya Ba

Shekara talatin da biyu na yi ina koyarwa a firamare, kuma duk tsawon lokacin nan abin da na taɓa shukawa bai wuce albasa a tsohon bokiti ba. A unguwar Sheshe, cikin birni, aka haife ni, a gidan da in an shimfiɗa tabarma biyu tsakar gida ta cika. Da na yi ritaya sai 'yata ta fara nuna mini bidiyo a waya: mutane sun haɗa itatuwa da kayan miya da kaji a fili ɗaya, ganye ya zuba ya zama taki, kaji su tsince ƙwari, ba takin zamani, ba feshi. Wai sabon ilimi ne. Na ce mata sabo dai a wajenki, amma abin ya zauna mini a rai daram. Na ƙudurta sai na yi gona irin wannan kafin gwiwa ta gama juya mini baya.

Ƙanena ne direbana, shi ne kuma mai yi mini dariya kyauta. Wata uku muna fita ta Ƙofar Kabuga duk Asabar, dillali a kujerar gaba, ni a baya da lemata. Duk gonar da aka nuna mini fetal take, ko inuwar da akuya za ta raɓa babu. Dillalin sai yabo yake, wai ba sai na wahala da sassabe ba. Na ce masa ni ba filin ƙwallo na fito nema ba.

Ranar da muka isa tawa, tun daga cikin mota na hango su: ɗorawa huɗu, manya, sun yi rumfa a gefen gabas. Na sauka ban jira kowa ba. Akwai ɗan kwari inda ruwa ke bi da damina, akwai suri biyu, ga gamba ta bi iyaka a jere. Na durƙusa a gindin ɗorawar na damƙi ƙasa, baƙa ce, mai laushi, tana ƙamshin ruɓaɓɓen ganye. Ƙanena ya ce in rage murna kada mai gona ya gani ya tsawwala. Ina, ai ya riga ya gani.

Aka yi ciniki gaban mai unguwa da shaidu, aka zaga iyaka da ƙafa, aka rubuta takarda kowa ya sa hannu. Ni da na ƙare rayuwata ina ce wa yara su karanta tambaya sau biyu kafin su amsa, ko sau ɗaya ban tambayi zancen itatuwan ba. To wa zai tambaya? A cikin gari in ka sayi gida, darbejiyar da ke ƙofarsa ai taka ce.

Na shiga zarya. Na san gonar nan taku-taku: inda ƙasa ke da yashi, inda take riƙe laima, inda rana ke fara duka. Na tsara komai a littafi, kuma komai a jikin ɗorawar nan ya rataya. Akurkin kaji a inuwarsu, amyar zuma a rassansu, ganyensu shi ne takina. Na sa aka fara kafa turaku za a ja wayar shinge.

Wata Asabar da bazara muka iso na tarar da mata sun kai takwas a ƙarƙashin itatuwan, da dogayen gora masu ƙugiya, suna ta sauke ɗorawa suna cika buhuna. Wata tsohuwa na zaune a kan saiwa tana ba da umarni. Ni kuwa Allah ya yi ni da baki, kuma bakin nan ba ya jiran shawara. Ko sallama ban yi ba. Na ce da rana tsaka ake mini sata? Na ce ɓarayi, da bakina na faɗa. Na ce su bari a gama jan waya su ga wadda za ta sake tako nan.

Tsohuwar ta dube ni sama da ƙasa, ba ta ko ɗaga murya ba.

"Hajiya, ƙasa kika saya. Ba wanda ya sayar miki da itace."

Na tafi wajen mai unguwa ina huci. Ya bari na gama, sannan ya yi mini bayani kamar yadda nake yi wa 'yan aji ɗaya. Tsohuwar nan, gwaggon wanda ya sayar mini da gonar ce. Da mahaifinta ya rasu aka raba gado, ƙasar ta faɗa hannun yayanta, uban wanda ya sayar mini, ɗorawar ta faɗa hannunta. A wajensu ƙasa daban, itace mai 'ya'ya daban, ko gonar ta sauya hannu sau goma. Da kalwar itatuwan nan take yin daddawa, da ita ta aurar da 'ya'yanta. Ya ce bai faɗa ba ranar ciniki don bai zaci akwai wanda bai sani ba.

Ban gama haɗiye wannan ba, ranar Laraba dillali ya kira ni. Ashe masu injin yanka katako sun daɗe suna bin tsohuwar ta sayar musu, tana korarsu. Yanzu ta aika musu su zo ranar Asabar su sare duka huɗun. Na aika mata cewa ni zan saya, ta faɗi abin da take so. Amsar da ta dawo ita ce ta hana ni cin abinci: wai gara a sare su ta daina ganinsu, da ta riƙa leƙen itacen ubanta ta bayan waya kamar ɓarauniya.

Ƙanena ya ce a nemi lauya. Na ce lauya zai manna itacen da aka sare ne? Kwana biyu ina juya maganar, ina neman inda zan ɗora laifin, a kan dillali, a kan mai unguwa, a kan wanda ya sayar. Duk inda na ɗora sai ya zamo ya dawo kaina. Abin ya yi mini ciwo, don ni ba mai ba da haƙuri ba ce. Shugabannin makaranta shida na yi aiki da su, ba wanda ya taɓa jin kalmar a bakina.

Asabar muna idar da sallar asuba muka kama hanya. Ban fara zuwa gidanta ba. Gona na shiga, na ɗaure gyale a ƙugu, na kama turken farko na gefen gabas na jijjiga shi har ya fita. Ƙanena ya tsaya yana kallona, da ya ga da gaske nake sai ya naɗe hannun riga. Muka tumɓuke na gefen nan kaf muka zube su a ƙasa. Tafin hannuna ya ɗaye, ban ma ji ba sai daga baya.

Sannan na tsallaka gidanta. Na yi sallama. Matan nan da na zaga suna tsakar gida, wasu na surfe, wasu na wankin kalwa. Da na so, da na nemi a shiga ɗaki. Amma a gabansu na yi zagin, don haka a gabansu na durƙusa, gwiwar nan mai ciwo har ƙasa.

"Iya, ni na yi laifi. Na kira ku da sunan da ba naku ba, a kan abin da yake naku. Ki yafe mini, ku ma ku yafe mini. Na cire turakun, kuma ba za a sake kafa su ba."

Tsohuwar ta ce in tashi, ƙafar tsufa ba ta son haka, ta yafe. Amma ta riga ta ba masu injin magana, kuma ita ba ta saba mayar da mutum hannu wofi ba bayan ta kira shi. Muna cikin haka muka ji ƙarar babur, masu injin sun iso.

Ta ɗauki sandarta muka bi ta. Ta zaga itatuwan ɗaya bayan ɗaya tana dafa su. Ta tsaya a kan ta ƙarshe, wadda ta fi tsufa, wadda rabin rassanta suka bushe. Ta ce wa mutanen wannan kaɗai za su ɗauka, sauran ta fasa. Suka yi ta magiya, ta juya musu baya. Ni kuma na juya zan koma mota, ta ce a'a, in tsaya in gani.

Na tsaya. Itacen da ya girme ni, ko awa ɗaya bai yi ba ya kwanta, ƙasa ta girgiza har cikin ƙafata.

"Wannan bakinki ne ya sare ta," in ji ta. Ba da faɗa ta faɗa ba.

Kafin mu tafi ta aiko mini da kalwa cikin ƙwarya, daga 'ya'yan wadda aka sare, wai tunda ni na jawo, ni zan mayar. Na jiƙa, na rene su a leda a soron gidanmu, da damina ta sauka na dasa su a bakin kwarin. Awaki suka ci wasu, fari ya kashe wasu. Tara suka tsira, don duk rani da jarka nake bin su.

Yau gonar nan sai ka gani. Zogale, gwanda, yakuwa, kuɓewa, kaji da zabi, ga zuma a rassan ɗorawar da izinin mai su. Ina alfahari da ita, ba na ɓoyewa, duk wanda ya zauna kusa da ni a biki sai ya ga hotunanta ko bai so ba. Amma in aka tambaye ni abin da na fi alfahari da shi, ukun nan ne da ke tsaye, waɗanda ko reshe ɗaya ba nawa ba ne.

Bana da bazara tsohuwar ta zo saukar ɗorawa, riƙe da ita ake yi yanzu. Da aka gama ta ce a kai ta bakin kwari. Ta dubi taran nan, duk sun wuce ni tsawo. Ta kira matan, har da jikokinta, ta nuna da sanda.

"Waɗannan na Hajiya ne, ita ta shuka. Ko an sayar da ƙasar nan, nata ne da 'ya'yanta. Ku faɗa wa na bayanku."

Ni mai baki, sai na ja gyale na rufe fuska, matan suka yi kamar ba su gani ba.