Birkin Taraktar Kalmalo

Har gobe ban manta da ranar da duram ɗin taraktar Kalmalo ya saki ba. Ku yaran gareji na yanzu kuna jin haushina idan na hana ku ɗaga babbar guduma. To, ku saurara.

Zamanin Turawa ne, 'yan shekaru bayan yaƙin duniya na biyu, ina ƙaramin makanike a garejin hukuma a Sakkwato. Sama da ni akwai foman, sama da shi Baturen gona. Wata safiya cikin kaka foman ya kira ni ya ce in haɗa kayan aikina in nufi Illela. Wata tsohuwar tarakta da ke noman fadama a Kalmalo ta gangaro ta take wani manomi mutumin Lafani, ya rasu nan take. Direban, Bawa, ya rantse ya taka birki bai kama ba. Ba wanda ya yarda da shi, don a lokacin mutane sun ɗauka ƙarfen Bature ba ya kuskure, sai dai mai tuƙa shi. An ba wansa Umaru belinsa, a kan za a wuce da shi gaban alƙali a Sakkwato washegarin kasuwar Illela. Aikina shi ne in buɗe birkin baya, in faɗi abin da na gani.

Ga wanda bai san aikin ba, duram wani kwanon ƙarfe ne mai nauyi da ke bayan taya. A cikinsa takalman birki suke, idan ka taka sai su buɗe su riƙe shi. Ba a ganin komai sai an cire shi.

Na sa jak, na tokare taraktar da gumagumai saboda yashi, na cire tayoyin. Na sassauta takalman ta baya, na kwance sukurorin, na ja. Ko motsi. Tsatsa ta haɗe duram da sandar ƙarfen da ke juya taya sun zama abu guda, dama da hagu. Ban taɓa ganin tsatsa irin wannan a ƙasar da ruwa ke wuya ba. Wani masunci da ke kallona shi ya warware mini. Ya ce wakilin da aka damƙa wa taraktar yakan sa Bawa ya shiga da ita tafkin Kalmalo a yi mata wanka, kamar yadda ake yi wa doki, musamman idan za a yi baƙi. Bawa ya sha yin ƙorafi, aka ce masa raini ne.

Guduma ɗaya mai kyau da ta fasa duram ɗin. Amma idan na fasa, duk abin da aka tarar a karye a ciki za a ce ni na karya, shaidar Bawa ta tafi ke nan. Sai na bi ta lallami. In zuba kananzir a mahaɗa, in bar shi ya sha, in zagaya da ƙaramar guduma ina ƙwanƙwasawa. Haka na yini, haka na wayi gari. Bawa yakan zo ya tsuguna nesa kaɗan. Saurayi ne siriri, shi ke ɗauke da tsohuwarsu. Ba na iya haɗa ido da shi.

Jajibirin kasuwa da la'asar Umaru ya same ni ina wanke hannu. Bafatake ne, yana kai kaya Birnin Konni, ya san duk wata hanyar jaki da ke tsallaka iyaka. Bai ɓoye mini ba, ya ce gobe yana iya sa ƙaninsa cikin ayari ya haye ƙasar Faransa.

"Malam Garba, hwaɗa mani tsakaninka da Allah, mi ac ciki? In kac ce birkin shina wanke Bawa, ko ƙohwar gida ba ya hita."

Na ce masa zuciyata ta fi ba ni birkin ne ya lalace, ya ƙara mini haƙuri.

"Ba zuciyarka nit tambaya ba. Kana rantse mani?"

"Ba ni iya rantsuwa kan abin da ban gani ba."

Ya daɗe yana duban taraktar. Ya yi mini godiya, ya ce na yi masa gaskiya, ya tafi.

Da sassafe na ɗauko wani tsohon maƙeri da zugazuginsa. Muka cire tankin mai muka kai nesa, muka jera gawayi kewaye da duram, yana zuga ina ƙwanƙwasawa. Ƙarfe idan ya ji zafi yakan buɗe kaɗan, wannan kaɗan ɗin nake nema. Ana kiran azahar na ji wata ƙara siririya, duram ɗin dama ya zame. Busasshen taɓo ya zubo mini a ƙafa. Takalman sun ruɓe, sun daskare a mazauninsu, ko giwa ce ta taka ba za su buɗe ba. Da muka cire na hagu ma, haka muka tarar. Na kira masunci da maƙeri da dogarin da ke gadi, kowa ya gani da idonsa.

Da gudu na shiga Illela, hannuna duk baƙi. Tsohuwarsu na tarar a zaure, ita kaɗai. Ta ce Bawa ya bi ayari tun hantsi.

Na koma Sakkwato na faɗi abin da na gani. Baturen gona ya yarda birki ne, ya hana shiga tafki da tarakta. Amma wakilin nan da mutanensa suka tsaya a kan cewa mai gaskiya ba ya gudu. Dangin mamaci ma haka suka ɗauka. Umaru ya sha ɗauri saboda belin da ya karya, aka kuma ce duk ranar da Bawa ya taka Illela a kama shi. Na yi magana iya inda muryar ƙaramin makanike ke kaiwa, ba ta kai ko'ina ba.

Daga Konni zuwa Illela ba nisa, mai jaki yana zuwa ya dawo a yini guda. Tsohuwar ta rasu a shekarar, Bawa bai ga jana'izarta ba. Na ji an ce ya ƙare yana dakon gishiri a can, bai sake taɓa sitiyari ba.

Abin da aikin nan ya koya mini shi ne ƙarfe yana da lokacinsa, ba ruwansa da wanda ke jira. Makanike kuma ba shi da abin sayarwa sai maganar da ya tabbatar. Don haka nake hana ku guduma, nake hana ku cewa "na sani" kafin ku buɗe. Amma kada ku ɗauka abin kyauta ne. Da na rantse wa Umaru a kan zato, da Bawa ya binne uwarsa. Yau ma aka tambaye ni, amsar da na ba shi ita zan sake bayarwa, kuma har yanzu ba na iya bin hanyar Kalmalo.