Lauyar da Na Yi wa Ƙazafi

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Hajiya Lauya, wadda ta shafe shekara ashirin da biyu a ofishin taimakon shari'a na kyauta tana tsara wa iyayen da suka rabu yadda za su riƙe 'ya'yansu. Na Allah ne mu, kuma wurinSa kowa zai koma. Tsohuwar matata ce ta bugo ta faɗa mini. Na daɗe zaune cikin motar asibitin da nake tuƙawa, na kasa tayar da ita.

Hajiya, masu ba da labarin alherinki suna da yawa, kuma sun fi ni cancanta. Ni ina cikin waɗanda suka cuce ki.

Shekara biyar ke nan da na hau benen ofishinku, na zauna a dogon bencin da ke fuskantar ƙofarki. Aurena na shekara goma sha ɗaya ya mutu, na kuma rantse uwar 'ya'yana ba za ta riƙe ko ɗaya cikin 'yan matanmu biyu ba. Na riga na ɗauke su daga makaranta na kai gidan yayata, mako uku uwarsu ba ta sa su a ido ba. A aljihuna akwai abin da nake taƙama da shi: kwafin katinta na sashen masu larurar ƙwaƙwalwa, inda take karɓar magani tun rasuwar jaririnmu. A asibitin da nake aiki na lallaɓa na zaro shi daga fayil, ba da sanin kowa ba.

Layi biyu kika karanta, kika kife takardar, kika turo mini ita da yatsa.

"Malam, wannan sirrin mara lafiya ne. Mayar da shi aljihunka."

Sai kika hau yi mini tambayoyi. A wane aji babbar take? Wane magani ake ba ƙaramar idan asmarta ta tashi? Ranar da nake aikin kwana, wa zai zauna da su? Ɗaya kawai na amsa, ita ma ban dace ba. Kika sassauta murya don kada na waje su ji, kika ce, "Na san kana son su. Amma abin da ka kawo mini yau fushi ne, alƙali kuwa kwanakin yara zai duba."

Ke kin rufa mini asiri, ni na buɗe ƙofa na tsaya gaban jama'a ina kiran ki mai kashe aure, mai ƙin maza. Washegari na rubuta wa shugaban ofishin ƙorafi cewa ke da tsohuwar matata dangi ne, kun haɗa baki. Ƙarya ce, kuma na san ƙarya ce tun ina riƙe da biron. Aka dakatar da ke wata biyu, aka kafa kwamiti. Ranar zaman ina kujerar da ke fuskantar taki. Da kin ambaci katin nan, da a ranar aikina ya ƙare. Shugaban kwamitin ya tambaye ki abin da ya haɗa mu, kika ce, "Uba ne da ke tsoron rasa 'ya'yansa. Abin da ya faɗa mini a ofis kuma amana ce." Ko inda nake ba ki kalla ba. An wanke ki, ni kuma na sauka daga benen ban nemi afuwarki ba.

Lauyan da aka miƙa wa fayil ɗina ya nuna mini wata takarda da rubutun hannunki, mai kwanan watan ranar da na zage ki. Kwanakin makaranta yara suna wurin uwarsu. Ƙarshen makon da ba na aiki suna wurina, haka rabin dogon hutu. Waya kullum bayan an taso makaranta. A riƙa karɓar su a ƙofar makaranta, don kada mu yi cacar baki a gabansu. A ƙasa kin ƙara: "A duba jadawalin aikinsa kafin a sa hannu. Kada a ba shi ranar da ba zai iya cikawa ba, yara su yi ta leƙen taga." Alƙali ya amince da ita kusan yadda take. A kanta muke har yau. Babbar tana aji uku na sakandare, kuma yanzu na san sunan maganin ƙaramar har da adadinsa.

Watan jiya aka ce in kai wata mara lafiya babban asibiti wankin ƙoda. Da aka turo gadon na ga ke ce, kin rame, babbar 'yarki tana riƙe da hannunki. Na ja takunkumi na rufe fuska. Tafiyar minti arba'in muka yi, "ki yafe mini" tana bakina, na kasa furtawa. Muna sauke ki kika ɗago ido.

"Malam Direba, ƙaramar tana shan maganinta?"

"Tana sha, Hajiya."

"Madalla. Ka gaishe su, ka gaida mamansu."

Na ce a raina zan roƙe ki a tafiya ta gaba. Ba a sake ba ni ɗaukar ki ba.

Jiya na kai wa shugaban ofishinku wasiƙa na bayyana cewa ƙorafina ƙazafi ne, na roƙi a sa ta a fayil ɗinki. Na kuma faɗa wa uwar 'ya'yana maganar katinta. Ta ce in ba ta lokaci. Tana da gaskiya.

Ya Allah Ka jiƙan baiwarKa, Ka yafe mata kurakuranta, Ka suturta ta kamar yadda ta suturta waɗanda ba su cancanta ba. Ka yalwata kabarinta, Ka sa Aljanna ce makomarta. Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanta, da 'ya'yanta uku, da abokan aikinta. Allah Ya ba ku haƙurin rashi. Ku kuma 'ya'yanta, wata biyun da mahaifiyarku ta yi zaune a gida tana ɓoye muku damuwarta, ni ne sanadi. Don Allah ku yafe mini.