Bugun Katifar Sumie

Tsoho Kuniyoshi kafinta ne. Shi ya ƙera wa matarsa Sumie ɗan akwati, ya rataya a bishiyar lemon da ke jikin baranda. Kowace bazara tsuntsaye kan yi sheƙa a ciki, ita kuma ta zauna da shayinta tana kallonsu. Abu ɗaya ke haɗa su faɗa: da bazara ta shigo sai ta daina shanya katifu a baranda tana bugunsu da sanda kamar sauran matan unguwa.

"Ke dai raguwa ce, tsohuwa," in ji shi. Ita sai dariya.

Da sanyin bana ta rasu. Kullum in rana ta fito, shi ke shanya katifarta, ya buge ta iya ƙarfinsa, kada kayanta su yi ƙura.

Bazara ta shigo, tsuntsaye suka dawo akwatin, shi kuwa bai daina bugun ba. Da tsuntsayen suka kwana goma ba su leƙo ba, ya hau tsani ya ɗaga murfin akwatin. Ƙwai bakwai, sun yi sanyi ƙalau.

Maƙwabciyarsa ta leƙo ta katanga. "Baba, ai bugun nan ne ya kore su. Ba ta taɓa gaya maka ba?"

Ya daɗe yana kallon sandar.

"Shekara talatin ina ce mata raguwa."