Wurin da Pasto Bai Samu Ba

Mijin goggona ɗan cocin Fada ne, wato Katolika, ita kuwa namu take zuwa. A gidansu na Godogodo, ran Lahadi kowa ya kama hanyarsa, su dawo su haɗu kan tuwon acca. Da ya rasu, bayan an binne shi, pastonmu ya zo addu'a da matan zumunta. Goggo ba ta iya karatu ba, amma akwai wurin da marigayi yake yawan karanta mata, game da rayukan masu adalci bayan mutuwa. Ta roƙi a karanta. Pasto ya juya Littafi Mai Tsarki gaba da baya, babu. Aka ɗauko na marigayi, sai ga shi cikin wasu littattafan da babu su a namu.

Wata mai saurin baki ta ce ai nasu akwai ƙari. Daga ranar Goggo ta rage cin abinci.

"Ashe ƙarya ne Baba yana karanta mini duk shekarun nan?" Haka ta tambaye ni game da marigayi, ni da nake taƙama da koyarwa.

Na kai ta Kafanchan wurin wani tsohon pasto da ya taɓa koyarwa a makarantar Baibul. Ya ce mana Littafin bai sauko daga sama a ɗinke ba. Ikilisiyoyi ne a garuruwa masu nisa da juna suka yi ta kofewa da hannu, suna karantawa a sujada, suna tambaya: wa ya rubuta? Ko'ina ana karanta shi? Ya yi daidai da abin da manzanni suka koyar? Ɗaruruwan shekaru ana wannan tankaɗe da rairaya, wani lokaci hukuma tana ƙona littattafan.

Tun ina yarinya nake riƙe Littafin nan, ban taɓa tunanin hannuwa nawa ya ratsa kafin ya iso jakata ba.

"Mama," in ji tsohon, "akwai littattafan da aka ƙi gaba ɗaya. Wannan ba ya cikinsu. Kamar zaɓen irin citta ne. Mu ba mu sa shi cikin iri ba, amma magabatanmu sun ce yana da kyau a karanta. Su 'yan cocin Fada kuwa sun sa."

Ya miƙa hannu ya karɓi littafin marigayi, ya fara karantawa a hankali. Na duba Goggo, idonta a rufe, leɓunanta suna riga shi. Da ya kai tsakiya ta ɗaga hannu.

"Tsaya kaɗan, Pasto. A nan ne Baba yana jan numfashi."