Ramin Kunkuru a Bakin Ƙorama

Kwana uku ke nan na kasa zama wuri ɗaya, tun da ƙanena Illa ya kira ni daga ƙauyenmu na wajen Tama. Zai share ɗan kurmin da ya rage a bakin ƙorama ya dasa albasa, amma rabinsa gadona ne, sai da yardata. Har zai kashe waya ya ƙara da cewa ya ga rami a cikin kurmin, da sabon sawun kunkuru.

Da na ji haka sai Kaka Ige ta faɗo mini a rai. Lokacin ɗari, in an gama tuwo, takan hura wutar kara a ƙofar ɗakinta mu kewaye ta. Ni ban iya zama ba tun ina yaro, kullum ina tsokanar wuta.

"Mijin banza, cinnaka ta shiga wandonka? Zamna. Ga ta nan tahe, wanda yay yi magana shi ad da wankin tukunya."

A wata shekarar yunwa, in ji ta, wata mai goyo ta ɓata a daji, rana ta take, jaririn ya daina ko kuka. Kunkuru ya fito daga raminsa ya ce ta sa yaron ciki, akwai sanyi. Shi kuwa ya tsaya a rana har la'asar, abin da ya sa bayansa ya tsattsage ke nan. Yaron nan shi ne kakan kakanninmu. Uwar ta ɗaukar wa zuriyarta alkawari biyu: ba za mu ci naman kunkuru ba, ba za mu nome ƙofar gidansa ba.

"In kunka iske rami nai, ku ɗaga hauya ku ratse," in ji Kaka. "Ƙasa ta hi cikinku hwaɗi."

A zamaninta gaskiya ce. Yanzu gona ta haɗe da gona har gindin dutse. Mu kuwa muka yi wa alkawarin wayo. Duk wanda ya ci karo da kunkuru yana sharar gona sai ya ɗauko shi gida don albarka, ya huda gefen ƙoƙon bayansa ya ɗaure, sannan ya nome ramin hankali kwance. Gida ɗaya kunkuru ɗaya, ana ba shi harawa kamar rago. Tamu mace ce, babanmu ya kawo ta ina ajin farko a lakwal, wato makarantar boko. Ba mu ci ko ɗaya ba, amma mun ƙarar da su, abin yana ba ni kunya.

Na ce wa Illa ya dakata, zan zo mu kwance tamu ta gida mu kai ta kurmin, ko kunkurun ramin namiji ne.

"Yaya, kai albashi ka ciyar da kai," ya ce. "Ni ɗiya bakwai gare ni, hatsin bana bai kai ko'ina ba. Na ba ka har ran kasuwa."

Ban ga laifinsa ba, shi ya sa na rasa inda zan sa kaina. Na tambaye shi lafiyar tsohuwar kunkurun tamu. Ya ce ƙalau take. Bana ma ta haƙa rami a gindin rumbu ta zuba ƙwai, ta mayar da ƙasa ta daddanna da kyau. Shekara talatin tana haka ita kaɗai ba namiji, ko ɗaya bai taɓa ƙyanƙyashewa ba.