Baba A-Hankali da 'Yar Motar Tsere

A asibitin da ya yi aiki, daga masu shara har manyan likitoci, Baba A-Hankali kowa ya san shi. Direban motar ɗaukar marasa lafiya ne tun gashinsa yana baƙi har kan ya yi fari fat. Nas-nas ne suka laƙaba masa sunan, domin ko jiniya na kuka, ko ana ihu a baya, da ya hango rami ko tudu a kan titi sai ya ɗaga ƙafa daga totur, ya taɓa birki, ya haura da motar kamar mai ɗauke da tiren ƙwai. In an yi masa ƙorafi sai ya ce, "Ku da kuke zaune ba ku jin ramin nan. Wanda ke kwance a baya da karaya shi yake ji." Har ya ajiye aiki bai taɓa buga motar ba, ba a kuma taɓa jin ya ɗaga murya a kan wani ba.

Da ya yi ritaya zaman gida ya ishe shi, shi ma ya ishi gidan. Ya gyara famfon da lafiyarsa ƙalau. Ya sake jera kwanukan kicin har matarsa ta kasa gane inda ludayinta yake. Ita tela ce, kekenta na ɗinki yana falo kusa da taga, kuma ta saba yin aikinta ba mai tsaya mata a ka yana tambayar me ya sa take yanka yadi ta nan ba ta can ba.

Ana cikin haka aka yi wa surukinsu, mijin babbar 'yarsu, canjin wurin aiki zuwa gari mai nisa. Ya kwaso tarkacen da ba za su tafi da shi ba ya jibge musu a ɗakin ajiya. A cikin tarkacen akwai wani kwali, a cikin kwalin kuma wata 'yar mota da tsawonta bai fi kamu ɗaya ba, mai manyan tayoyi masu ƙuraje da fiffike a baya.

"Baba, kar ka ɗauka wasan yara ne," in ji surukin. "Manya ne suke tsere da irinta duk Asabar a bayan tsohon kamfanin bulo. In zama ya ishe ka, ka leƙa."

Matar ce ta yi caraf ta amsa, "Zai leƙa."

Ya kuwa leƙa. Fili ne na jar ƙasa da aka daddaɓe, an zana hanya mai kwana-kwana da bututun roba, ga wani tudu a tsakiya wanda motocin ke hawa su tashi sama su dira a ɗaya gefen. Direbobin, masu tumbi da masu furfura, suna tsaye a kan wani dandamali na katako, kowa da rimot a hannu. Rimot ɗin kamar bindiga yake: ka ja kunamar da yatsa mota ta tafi, ka tura ta gaba birki ke nan, ga ɗan ƙaramin sitiyari a gefe. Baba A-Hankali ya ce a ransa, wanda ya tuƙa babbar mota shekara da shekaru, wannan ai abin dariya ne.

A miƙaƙƙiyar hanya motar ta tafi sumul. Ta sha kwana lafiya. Da ta zo tudun sai ta tashi, ta kifa hanci ƙasa, ta yi adungure, ta kwanta a bayanta tayoyi na juyawa a sama kamar kyankyason da aka fesa wa magani. Aka juya masa ita, ya sake zagayowa, ta sake kifawa. Haka aka wuni.

Wanda ya fi kowa gudu a filin wani likitan haƙori ne, mutum mai fara'a da son bayani. Ya ɗaga motar Baba ya danna ta da tafin hannu. "Shokazoba ne, Baba," ya ce. Ya nuna masa: kowace taya tana da nata, bai wuce tsawon yatsa ba, sifirin a naɗe a waje, mai a ciki, a cikin man kuma ɗan fistin mai ƙananan huji. "Man na gaba ya yi ruwa da yawa, shi ya sa take nutsewa. Sa mai kauri."

Likita na juya baya, wani mai gyaran wuta da ake ce wa Dogo ya matso. "Baba, rabu da shi, haƙori ya sani. Sifirin ɗinka na baya ne ya yi tauri, shi ke harba bayan motar sama. Sa mai laushi."

Baba ya sayi duka biyun, ya koma gida, ya shimfiɗa jarida a kan teburin cin abinci.

Nan ya gane cewa ƙanƙantar abu ba sauƙinsa ba ne. Kafin ka zuba mai sai ka kwance shokazoban, kuma abin da ke riƙe da fistin wani ɗan ƙarfe ne mai siffar jinjirin wata, ƙanƙani kamar ƙwayar shinkafa. Ya sa filaya ya matsa, sai ji ya yi ƙas, ɗan ƙarfen ya yi tsalle ya ɓace. Ya duƙa ƙarƙashin tebur, ya ɗaga kujeru, ya kakkaɓe labule.

"Uwar yara, kar ki motsa! Kar ki taka ko'ina!"

"To a iska zan tsaya?"

Da ta ga zai ɗaga mata keken ɗinki, sai ta ciro maganaɗisun da take tsince allurai da shi, ta goga a kan darduma, ɗan ƙarfen ya manne. Ta miƙa masa, shi kuwa bai yi godiya ba, don haushi.

Zuba man ma wani aiki ne. In ka cika sai ka ja fistin sama da ƙasa a hankali, ka ajiye shokazoban a tsaye ka jira 'yan ƙwayoyin iskar da ke ciki su taso, domin in ka rufe da iska a ciki aikin banza ka yi. Man kuwa mai kauri ne kamar zuma, iskar ba ta sauri. Mutumin da ya yi suna da haƙuri sai ga shi ya zuba wa ɗan bututu ido yana ƙwafa yana cewa, "Ku taso mana, me kuke jira?" In ya gama sai ya ɗaga motar ya sake ta ta faɗo kan tebur tim, don ya ji ko cikinta zai bugi katako. Kofuna su yi tsalle, matar ta yi tsaki daga bakin taga.

Asabar ta zagayo, ya je da mai mai kauri a gaba da sifirin mai laushi a baya. Motar ta kifa. Likita ya ce to ai ba a canza abu biyu lokaci guda, yanzu wa ya san wanne ne ya yi aiki? Dogo ya ce motar ta yi ƙasa da yawa, a murɗa zoben da ke kan sifirin a ɗaga ta. Ya ɗaga, sai ta fara faɗuwa a kwana ma. Ya sauke. Aka ce ya matsar da kan shokazoban zuwa hujin ciki na wurin da ake ɗaure shi, ya matsar. Aka ce ya sa fistin mai manyan huji, ya sa. Akwai makon da man ya ƙare masa ana saura ɗaya bai cika ba, ya faki idon matarsa ya tsiyayi man kekenta. Kafin Asabar robar da ke toshe bakin ta kumbura, man ya tsiyaye a kan mayafin tebur, ya bar tabon da har yau bai fita ba.

"Baban yara, mutanen da ka ɗauka rai a hannun Allah ba su sa ka zagi ba, sai wannan abar?"

"Ni na yi zagi?"

"'Yar banza ka ce mata. Har maƙwabta sun aiko tambaya ko lafiya."

Wata Asabar tana da kayan da za ta kai wa wata mai ɗinki a unguwar da filin yake, sai suka fita tare. Ta kai kayanta ta dawo ta zauna a kan benci a inuwa tana jira ya gama. Ta ga motar ta taho, ta kifa. Ta sake tahowa, ta sake kifawa. Da ya sauko daga dandamalin yana share gumi, Likita da Dogo sun sa shi a tsakiya ana musu a kan kaurin mai, sai ta taso.

"Ni fa ban san komai a kan motarku ba," ta ce, "amma me ya sa kake taka mata birki in ta zo tudun?"

"Wa ya taka birki?"

"Kai mana. Na sauran in sun zo kukansu ƙaruwa yake, taka sai ta yi shiru. Shekara nawa ina zaune a gefenka a mota? Ko tabarma aka shimfiɗa a titi sai ka rage gudu."

"Ke ɗinki kika sani."

Likita ya sosa haɓa. Shi dai kullum motar yake dubawa in ta faɗi, bai taɓa tsayawa ya kalli yatsan mai ita ba, don a lokacin shi ma yana kan tasa. "Baba, ara mini rimot ɗin," ya ce. Ya hau dandamali, ya zagayo da motar, ya riƙe kunamar har ta bar bakin tudun. Ta tashi a miƙe, ta dira a kan tayoyinta huɗu lumui, ta wuce kamar ba a yi komai ba. Ya sake, ta sake.

"Mama ta yi gaskiya," in ji Likita. "In ka saki totur ko ka taɓa birki tana shirin tashi, hancinta ƙasa zai yi, ko wane irin mai ka zuba. Motar nan lafiyarta ƙalau. Wataƙila ma tun ranar farko."

"Tun ranar farko," Baba A-Hankali ya maimaita. Ya dubi Likita, ya dubi Dogo. "Ku biyun nan, da kuka sa na kwance ta na ɗaura har idona ya fara gani biyu-biyu?" Dogo ya tuna yana da batir a caji, ya sulale.

A hanyar gida yana tuƙi ya ɗaure wa matarsa fuska. Ita kuwa sai kallon taga take tana danne dariya, musamman da suka zo wani ɗan tudu a titi ya rage gudu.

Sanin ciwon bai warkar da shi ba. Ya yi makonni yana zuwa filin tun kafin kowa, yana yi wa yatsansa faɗa. Zai taho da niyya, ya cije leɓe, ya ce yau kam ba sakewa, amma da motar ta tunkari tudun sai yatsan ya saki da kansa. Abin ya fi ba shi haushi fiye da shokazoban, don shi wannan ba a kwance shi a canza masa mai.

Ranar babban tseren ƙungiyar masu motocin ya shiga rukunin sababbi. Zagayen farko ya kifa, na biyu ya kifa, har an yi masa nisa. Haushi ya turnuƙe shi, ya ce to ta fashe mana, ya danne kunamar har ƙarshe. Motar ta haye tudun ta tashi, ta yi sama fiye da yadda ta taɓa yi, ta dira daram. Dandamalin ya kaure da ihu, Dogo na dukan katako yana cewa, "Baba! Baba!" Shi kuwa mamaki ya sa ya saki baki yana kallo, ya manta cewa bayan tudun akwai kwana. Motar ta tafi a guje ta daki turken da ke riƙe da bututu. Tayar gaba ta dama ta yi nata wuri, da hannun da ke riƙe da ita, da shokazoban da ya fi shan wahala a kansa.

Ya kira surukinsa a waya ya ba shi labarin tashin, sai da ya gama tsaf sannan ya ambaci karayar. Surukin ya yi alkawarin aiko da sabon hannu. Da saƙon ya iso, ya buɗe a kan tebur ya gwada, ya juya, ya sake gwadawa. Na hagu aka aiko.

Don haka Asabar ɗin da ta biyo baya ba shi da motar tuƙawa, aka sa shi cikin masu tsayawa a fili suna juya motocin da suka kife. Yana tsaye a rana kusa da kwana, gwiwoyi na ciwo, sai motar Likita ta ƙwace ta zo ta daki ƙaurinsa ta wuntsila.

"Haba Likita! Ba ka gani ne?"

"Yi haƙuri, Baba! Juya mini ita, za su wuce ni!"

Ya duƙa yana mita, ya juya ta, ya ɗingisa ya koma wurinsa.